Sinokel da sabuwar salansa a tsohuwar Hilux: wanne ya ci kuɗinsa?

Motar da nake magana a kanta Toyota Hilux ce ƙirar LN106, cikin waɗanda aka yi tsakanin 1988 da 1997, mai injin 3L na gas, lita 2.8, silinda huɗu, babu turbo. Gaba da baya duk sifirin ganye ne, shi ya sa ba ta san lallashin ƙugu ba, amma fa ba ta gajiya. Sana'ata girka famfon sola a rijiyoyin burtsatse, daga Haɗejiya nake tashi, in bi Kirikasamma da Guri, wani lokaci har Nguru da Machina da Yusufari. Duk wanda ya san yankin ya san abu biyu ne ke kashe inji a can: ƙura da rani, ruwan fadama da damina. Saboda su na kai motar wani gareji a Kano, kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa, aka sa mata sinokel, wato dogon bututun nan da ke ɗauko iska daga saman rufi, aka kuma sauya salansa tun daga bakin inji har wutsiya. Ta yi rani da damina a haka, don haka ina ganin na isa in yi magana. Sinokel ya biya, har da riba. Salansa kuwa, da za a maido min kuɗina da na karɓa.

A yadda Toyota ta ƙera motar, tana shaƙar iska ne daga ƙasa-ƙasa, wajen fenda, kusa da inda tayar gaba ke tayar da ƙasa. A kan kwalta ba matsala. A hanyar Yusufari, musamman in kana bin bayan wata mota, inji yana shan abin da tayoyi suka tono ne. Filtar iska takan toshe da wuri, mota ta fara baƙin hayaƙi, ta yi nauyi a hawa. Yaran gareji sai su ciro ta su buga a jikin taya ko su hura mata iskar falkinaiza, takardar ta yi 'yan ƙananan huji da ido ba ya gani, daga nan yashi ya samu hanya zuwa ringi da silinda. Ruwa kuma ya fi muni. Injin 3L yana matse iska ninki 22 da ɗoriya kafin gas ya kama, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Kofi guda ya shiga silinda, konrod, wato sandan da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe, sai saukar da inji.

Maigidan garejin dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma da ya ga motar abin da ya fara yi ya burge ni. Bai taɓa maganar sinokel ba sai da ya buɗe tukunyar filta, ya cire tiyon da ya tafi inji, ya zura yatsa ciki ya murza. Ya nuna min yatsan, akwai ɗan gari-gari. Ya ce, "Alhaji, wannan ta bayan filta ne. Ko ka kai bututu sama ta bakwai, in tiyon nan ya tsage, aikin banza ne." Aka duba, akwai tsaga a cikin lanƙwasar robar, ta ƙasa inda ba a gani. Da ita aka fara.

Na so in samu sinokel na Safari, kamfanin Ostareliya da ya yi suna a wannan fanni, amma kuɗin da aka gaya min na kawo shi ya fi ƙarfin aljihuna. Na ɗauki kwaikwayo marar suna a cikin kasuwa. Robarsa ba ta kai kauri ba, takardar awon da ake mannawa a fenda kafin a huda ita ma ba ta zauna daidai ba, ramukan noti biyu sun kauce. Nan gwanintar mai aikin ta fito. Ya ajiye takardar gefe, ya ɗora bututun a jikin mota, yaro ya riƙe, ya shafa girisi a kan notocin ya danna, inda suka bar tabo nan ya huda. Bayan an yanke babban ramin ya goge bakin ƙarfen, ya shafa jan fenti na hana tsatsa, ya bari ya bushe kafin a ɗaura. Yawancin masu aiki ba sa wannan jiran, kuma bayan damina ɗaya za ka ga tsatsa ta zubo daga ƙarƙashin roba. Kowace gaɓa ta samu silikon da kilif na ƙarfe. Da aka gama, ya sa aka tada mota tana silo, ya ɗora guntun katako a bakin sinokel. Inji ya shaƙe nan take ya mutu. Ya ce da akwai inda iska ke sata, da ya ci gaba da tafiya. Duk wanda zai sa sinokel, kada ya biya kuɗin aiki sai an yi wannan gwajin a gabansa.

Abin da ya fi komai amfani shi ne mafi arha. Sinokel ya zo da kai mai buɗaɗɗen baki da ke kallon gaba. Maigida ya ce wannan na masu kwalta ne, ya aika yaro wajen masu kayan tarakta ya sayo kwano mai garai-garai irin wanda ake gani a kan Massey Ferguson. Iska tana shiga ta ƙarƙashinsa, fukafukan ciki su juya ta, ƙasa mai nauyi ta watsu gefe ta taru a kwanon, sauran ta wuce filta. Dabarar tsohuwa ce, a kan tarakta aka fara ta. Kamfanin Donaldson na Amurka ma da matatar iskar tarakta ya kafu a 1915. A lokacin hunturu, in na dawo daga Machina, ina kwance noti ɗaya in zazzage abin da ya taru, ja-ja mai laushi kamar garin dawa, wani lokaci har da ƙwari da ƙaiƙayi. Duk wannan da a filta zai zauna. Yanzu filta tana kai ni daga juyen baƙin mai zuwa wani ba tare da an taɓa ta ba, abin da a da ban isa in yi mafarkinsa ba.

Yana da nasa cikas. A kan titin Kano zuwa Haɗejiya, in na taka sosai, ina jin motar ta ɗan riƙe numfashi, kwanon yana rage iska kaɗan. Sai ƙarar zuƙa kusa da taga, wadda ka saba da ita cikin mako. Kuma robar kwaikwayon ta fara yin fari-fari saboda rana, ina sa mata ido.

A shagon da na sayi bututun an yi ta tallata min wata filta ta auduga mai jan mai, wai ana wankewa a mayar, wai tana ƙara gudu. Na ɗaga ta wajen rana, haske yana ratsa ta. Abin da ya bar iska ta wuce da yawa zai bar siririyar ƙura ma ta wuce, kuma ƙurar hunturu siririya ce. Na bar musu kayansu, na tsaya kan ta takarda.

Sai salansa. Tsohuwar ta riga ta ruɓe daga tsakiya, dole a sauya, sai na ce bari a yi mai dalili gaba ɗaya. Aka cire manifol na asali na ƙarfen zubi, wato mahaɗar da ke tattaro hayaƙi daga bakin inji, aka sa na bututu huɗu da ke haɗewa biyu-biyu sannan su koma ɗaya, na Beljiyam ne da aka samu a kasuwa. Daga nan aka ja bututu mai inci 2.5 har baya, da tukunya ɗaya mai miƙaƙƙen ciki. Wannan ɓangaren ba maigida ne ya yi ba, wani mai walda ne da ke maƙwabtaka da shi, kuma bambancin hannu ya nuna.

Me na samu? Kaɗan. A yashi, a giya ta biyu da ogzilari, inji yana ɗan saurin ɗagawa, kuma akwai wani hawa da nake sauka zuwa giya ta uku in ina ɗauke da fanel da bututai, yanzu wani lokaci ta huɗu tana kai ni. Shi ke nan. Injin da kamfani ya ba shi ƙarfin dawaki 90 ko kusa da haka, babu turbo, iskar da zai iya zuƙa da kansa ita ce iyakarsa. Faɗaɗa mafita ba ya ƙara girman silinda. Masu cewa salansa ta mayar musu da mota sabuwa, yawanci masu turbo ne, don shi turbo yana jin daɗin buɗaɗɗiyar hanya a bayansa. Shan gas ban ga ya motsa ba, ko sama ko ƙasa.

Abin da na rasa ya fi fitowa fili. Na farko ƙara. A silo muryar tana da daɗi, yaran unguwa har juyowa suke. Amma a tafiyar kilomita 80 zuwa 90 a awa akwai wani ƙugi da ke cika cikin mota, ba ka jin rediyo, in ka sauka kunne yana ta amsawa. Mai ɗakina ta shiga sau ɗaya zuwa biki, ta ce daga yau ta fi son motar haya. Na biyu, mai waldar bai da injin lanƙwasa bututu, yanka ya yi ta yi yana haɗawa, ga tabon walda a kowace kwana, cikin kuma ba santsi. Na uku shi ne babba: ya haɗe bututun sandanƙam daga manifol zuwa baya, babu gaɓar nan mai saƙar waya da ke shanye girgiza. Injin gas mai silinda huɗu yana rawa a kan kujerunsa, hanya kuma gargada. Ba a jima ba walda ta tsage daidai inda bututu biyun suka zama ɗaya, hayaƙi ya fara shigowa ta ƙasan ƙafa.

Da na koma, maigida bai yi gardama ba. Ya leƙa ƙarƙashi, ya kira mai waldar ya ce, "Kai, zo ka ga aikinka." Shi kuma ya fara kame-kame, wai Oga bai ce a sa ba. Aka sa gaɓar, kuɗinta ni na biya, aikin suka yafe. Aka ƙara ƙaramar tukunya a tsakiya, ƙugin ya ragu da kusan rabi. Ya kuma lura sabon manifol yana fitar da zafi fiye da na zubi, ya yanko faranti ya kare wayoyi da tiyon da ke kusa. Wannan ya kamata a yi shi tun farko, kuma na gaya masa haka. Garejin da ya karɓi aiki shi ke da alhakin hannun da ya ba wa.

A wannan zuwan ne wani matashin bakanike ya ba ni shawarar a ɗan murɗa sukurun famfon injekta a ƙara gas, wai tunda hanya ta buɗe gaba da baya. Maigida ya hana kafin in buɗe baki. Gas ya yi yawa, iska ba ta ƙaru ba, sakamakon baƙin hayaƙi ne da zafi, kuma zafi ne ke tsaga tof silinda a waɗannan injinan. Madadin haka ya sa aka kai nozul huɗun, masu fesa gas cikin inji, wajen masu gwaji, biyu suna ɗiga maimakon fesawa. Gyaransu ya kawo sauyin da na fi ji a ƙafata fiye da duk salansar: tashin safe ya zama bugu ɗaya, hayaƙin hawa ya ɗauke.

Kan ruwa, na ratsa fadama da damina inda ya kai saman taya, inji bai yi ko tari ba. Amma sinokel inji kawai yake karewa. Akwai ƙananan hancin numfashi a kan aksul na gaba da na baya da giyabos, in ƙarfe mai zafi ya shiga ruwan sanyi sai ya zuƙo ruwa ta nan, man ya koma fari. An ja min su da siririn tiyo zuwa sama cikin bonet, aiki ne na ɗan lokaci kuma ba tsada. Fanka da altaneta suna nan inda suke, ruwa mai gudu kuma ba ruwansa da bututunka.

In motarka irin tawa ce kuma hanyarka ƙasa ce, sa sinokel da kwanon tarakta, ka nemi mai huda fenda da haƙuri. In salansarka lafiya take, kada ka taɓa ta. In ta ruɓe, inci 2.25 da tukunya mai kyau da gaɓar girgiza sun wadatar, ragowar kuɗin ka kai nozul gwaji, ka kuma tambayi yaushe rabon da a sauya bel ɗin taimin. Garejin zan koma, amma duk aikin walda sai na ga wanda zai riƙe wutar tukuna.