Wata huɗu da rim mai ET0 a ƙafar Hilux ɗita

Na sayi rim huɗu 'yan Beljiyam a Kano, inci 17, faɗin inci 9. Abin da muka duba ni da mai shagon shi ne ramukan noti kawai: shida ne, 6x139.7 (wato ramuka shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7), daidai da na Hilux. Ya ce, "Alhaji, zai zauna daram." Ya kuwa zauna. Lambar da ke rubuce a cikinsa, ET0, babu wanda ya ɗaga maganarta.

Rim ɗin da motar ta zo da shi faɗin inci 7.5 ne, ET30. ET tazara ce, a milimita, tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke mannuwa da hob, wato ƙarfen ƙafar mota da ake ɗaure rim a kansa da noti. Idan lambar ta yi sama taya ta shige ciki, idan ta sauka taya ta leƙo waje. Ni na sauko daga 30 zuwa sifili, ga ƙarin faɗi, sai bakin rim ya fito da kusan milimita 49 kowane gefe. Kusan santimita biyar ke nan.

Kyau kam akwai shi, motar ta buɗe ƙafa, kuma ƙarfen bai lanƙwashe ba duk da ramukan hanyar gonarmu. Amma da damina ta sauka, taɓo da tsakuwa jikin ƙofa suke bugawa, fenti ya fara tsagewa. In na murɗa sitiyari ya ƙure, musamman a ribas, taya na gogar robar da ke cikin madigadi. Sitiyarin ma ya ƙara nauyi, kowane rami sai na ji shi a hannu. Wanda ya fi damuna boris ne: nauyin mota ya matsa waje da inda aka tsara masa, kuma ni kullum da buhuna a baya.

Bakanikena ne ya koya mini ɗaya awon, bakspesin, wanda 'yan Amurka suka fi rubutawa da inci. Ka kife rim a ƙasa, ka gitta miƙaƙƙen katako a bakinsa na ciki, ka saka tef daga katakon zuwa fuskar hob. Mai ET0 ɗin ya ba da inci 5, wanda motar ta zo da shi kusan 5.4. Wannan awon ne ke nuna ko rim zai taɓa shoka ko ƙarfen ƙafa ta ciki, kuma yana da amfani sosai a kan rim ɗin hannu da lambarsa ta goge.

Satin jiya na sauke su. Na ɗora masu faɗin inci 8, ET20, waɗanda suka leƙo da milimita 16 kacal. Gogar ta daina, sitiyari ya dawo yadda na san shi. Tsofaffin huɗun suna nan a gareji, na kuma rubuta ET0 da alli a jikin kowanne don mai saye ya gani kafin mu yi ciniki.