Pulp ko Radiohead: wa ya fi fito da ɗacin shahara?

Ƙungiyoyin kiɗan rock biyu na Ingila sun ɗanɗani suna, kowacce ta fito da waƙa kan abin da ya biyo baya, amma hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Pulp ta garin Sheffield ta saki "This Is Hardcore" a 1998. Kafin nan jagoranta Jarvis Cocker ya shiga bakin duniya, musamman bayan ya hau dandamali a bikin ba mawaƙa kyaututtuka na Brit Awards na 1996 lokacin da Michael Jackson ke tsakar waƙa. Jaridu suka sa Cocker gaba. Waƙar ta Pulp, mai tsawon fiye da minti shida, ta kamanta shahara da harkar finafinan batsa: a ɗauko mutum, a tatse shi, a yar. Kiɗan na jan ƙafa da nauyi, muryar Cocker kuma ta wanda ya ƙoshi har ya gundura ce. Ba waƙar da za a kunna a gaban surukai ba ce, gaskiya.

Ita kuwa "How to Disappear Completely" ta Radiohead, cikin kundin Kid A na 2000, ta samo asali ne daga gajiyar da mawaƙin ƙungiyar, Thom Yorke, ya sha a rangadin tallata kundinsu na baya, OK Computer. Michael Stipe, mawaƙin ƙungiyar R.E.M. ta Amurka, ya ba shi shawarar ya riƙa gaya wa kansa ba ya wurin. Waƙar ba ta zargin kowa, guduwa take nema.

Ta Radiohead ta fi daɗin ji, amma ni ta Pulp na zaɓa, domin Cocker bai wanke kansa ba. Ya yarda shi ya nemi abin da hannunsa.