Sitent ko maganin haske: abin da na gani a jikin kawuna

Allah Ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Tunda likita ya ce kansar hanyar abincin ta wuce tiyata, kuma kina tambayar sitent (ragar ƙarfen da ke buɗe hanyar abinci) ko maganin haske (kashe ƙarin da hasken leza), ni dai na ce a sa masa sitent.

Kawuna sai da ta kai ko yawu ba ya wuce masa. Gwangwani ne a gefen katifarsa yana tofawa, kunu cokali ɗaya in ya kurɓa sai ya dawo. Aka zura masa bututu mai kyamara ta baki, aka saki sitent ɗin. Wata 'yar raga ce ta ƙarfen nikel da titaniyam, tana shiga a tsuke, sai ta buɗe da kanta ta ture ƙarin gefe. Aikin bai kai awa guda ba. Washegari da yamma ya shanye kofin koko, ya miƙo kofin wai a ƙaro. Inna fita ta yi tana share hawaye. Ya sha ciwon ƙirji a makon farko, ga ƙwannafi, sai da muka tada masa kai da filo uku. Sau ɗaya tsokar nama ta maƙale, daga ranar sai niƙaƙƙe. Sitent ɗin ba ya kashe cutar fa, hanya kawai yake buɗewa, amma wata bakwai kawu ya yi yana cin tuwo mai laushi da miyar kuka.

Maganin haske kuwa Amurka ta amince da shi tun 1995. Allurar Photofrin ake yi, wani magani mai sa haske ya yi tasiri a kan ƙarin, bayan kwana biyu a haska ƙarin da jan leza. Yana aiki, ban musa ba. Sai dai mutum ya kwashe wata guda ko fiye yana ɓuyar rana, har wadda ke shigowa ta taga, in ba haka ba fata ta ƙone. A wannan ranar tamu?

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi dillalan asibitocin waje da ke tallar "sitent mai nano" a WhatsApp. Binciken gaskiya ne, ana shafa wa ragar ƙwayoyin zinariya da ido ba ya gani, su ɗau zafi in an haska su, su ƙona ƙarin. To amma kan dabbobi irin su ɓeraye ake gwada shi. Duk wanda ya ce ki turo kafin alƙalami, ki toshe lambarsa.

Ki tambayi likita ko sitent mai rufi za a sa. Shi ne ke hana ƙarin kutsowa ta ramukan ragar, ko da yake ya fi saurin zamewa.