Katakon layin bolin da ya tsufa: gogewa, rufin leda ko falankin fomika?

Wani ɗan'uwa kafinta daga ɓangaren Ringim ya kawo tambaya a wannan zaure. Ubangidansa ya karɓi aikin harhaɗa tsofaffin layukan wasan bolin na katako, waɗanda aka sayo na hannu daga waje domin wani gidan shaƙatawa, sai suka tarar fuskar katakon ta ci duka, ga lotsawa ga tsagewa. Yana son a faɗa masa wanne ya fi: a goge katakon a sake shafa masa banish, ko a lulluɓe shi da ledar kariya, ko kuwa a ɗora masa falankin da masana'anta ke yi. Malam, amsar tana cikin katakon da ke gabanku, kuma ba za ku same ta ba sai kun auna abu biyu, wato kaurin da ya rage masa da kuma daidaiton fuskarsa.

Bolin wasa ne da ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan doguwar shimfiɗa da ake kira layi domin a kayar da sanduna goma masu siffar kwalba. Daga layin iyaka, wato inda ɗan wasa ke tsayawa ya saki ƙwallo, zuwa sandar farko ƙafa 60 ne, faɗin kuma inci 41 da rabi, wanda aka haɗa da siraran katako 39 da aka jera a kan gefensu aka ɗinke da ƙusa. Ƙwallon da ya fi nauyi yana kai laba 16, wato sama da kilo 7 kaɗan. Saboda haka ne masu ƙera layin suke sa katako mai tauri da ake kira mefil a farkon layi, inda ƙwallo ke faɗowa, da kuma ƙarshensa inda sanduna ke tsaye, sannan su cika tsakiya da katakon fayin, wanda ya fi taushi kuma ya fi araha. Duka biyun ba itatuwan ƙasarmu ba ne, don haka wanda ya yi tunanin zai leƙa 'Yan Katako a Na'ibawa ya samo madadin abin da ya ruɓe, to ya sani cewa maɗaci ko afara ba za su yi tafiya ɗaya da sauran ba idan yanayi ya juya.

Hanya ta farko ita ce ta iyaye da kakanni, a goge a shafa. Sabon layi yana zuwa da kauri kusan inci 2 da kwata uku, kuma a Amurka al'adar ita ce a sabunta shafin sama kusan kowace shekara, sannan bayan 'yan shekaru a kawo babbar injin samfefa mai faɗin layi ta kankare fuskar gaba ɗaya. Abin shafawar ya sauya da zamani. An fara da banish irin na shalak, aka koma wani irin da ake kira laka, mai saurin kama wuta, wanda ya jawo gobara a gidajen wasa da dama, daga baya a shekarun 1970 aka koma yuretan. Kyawun wannan hanya shi ne tana gyara cutar daga tushe, domin gogewa tana cire lotsawar ne baki ɗaya. Aibinta kuwa shi ne kowace gogewa tana cin katako, kuma akwai ranar da samfefa za ta iske ƙusoshin da suka riƙe jerin. Daga wannan rana babu sauran gogewa. Layukan da ake sayarwa na hannu sau da yawa sun kusa wannan matsayi, shi ya sa ma masu su suka rabu da su. Ku cire kwatar da ƙwallo ke faɗawa a gefe ɗaya na layin, ku duba katakon daga haƙarƙarinsa a daidai ƙafa goma sha biyar na farko, ku ga nawa ya rage tsakanin fuska da kan ƙusa.

Akwai kuma maganar kayan aiki, wadda a ganina ita ce ta fi kashe wannan hanya a wurinmu. Hukumar wasan ta Amurka, USBC, wadda aka kafa a 2005 bayan haɗewar tsofaffin ƙungiyoyi, ba ta yarda karkata ko lotsawar fuskar layi ta wuce kashi 40 cikin 1000 na inci ba, wato kimanin milimita ɗaya. Kafintan da ya fi kowa hannu a Jigawa ba zai iya riƙe wannan daidaito a tsawon ƙafa 60 da ƙaramar injin hannu ba. Zai goge wuri ya yi kyau a ido, amma ya bar kwari da tudu waɗanda ƙwallo ne kawai zai tona asirinsu.

Hanya ta biyu ita ce ledar kariya, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin suna ɗauka cewa rufi magani ne. Kamfanin Brunswick ya shahara da iri biyu. Guardian siririyar leda ce mai haske da ake mannawa a kan katakon da aka riga aka goge, ana ganin zanen itacen ta cikinta. Lane Shield kuwa ya fi ta kauri da tauri, kuma ba a manna shi ko'ina, ana kafe shi ne daga wajen layin iyaka ya kwanta a kan sauran. Amfaninsu ɗaya ne: ƙwallo yana gurzar roba maimakon katako, man da ake shafa wa layi da ruwan wanki ba sa shiga tsakanin jerin, kuma an huta da shafin shekara-shekara da warin tina da haɗarin wuta.

Sai dai leda ba ta da ƙashi. Duk yadda katakon ƙasa yake, haka za ta kwanta, idan da rami ta bi rami, idan da tudu ta hau tudu. Saboda haka dole ne a goge layin ya daidaita kafin a shimfiɗa ta, wanda ke nufin cewa wanda ba shi da sauran kaurin gogewa ko injin da ta dace bai tsira ba. Haka nan tana hana gurzuwa amma ba ta hana lotsawa, domin idan sabon ɗan wasa ya cilla ƙwallo sama ya dira a kan layi, nauyin yana ratsa ledar ya sauka a kan itace. A gidan wasan da yawancin masu zuwa ba su taɓa riƙe ƙwallon ba, kamar yadda zai kasance a nan, irin wannan jifa ita ce za ta fi yawa. Idan ledar ta yage a wuri ɗaya, mai yana silalewa ƙarƙashinta, gam ya saki, ta fara kumbura daga bakin yagewar tana faɗaɗa. 'Yan wasa kuma sun san Guardian da kama ƙwallo da wuri saboda taushinta, yana lanƙwasa tun bai yi nisa ba, kuma wannan ya ƙaru bayan da ƙwallaye masu fatar da ke shan mai suka bazu a farkon shekarun 1990.

Hanya ta uku ita ce falanki, wanda ya fara shiga gidajen wasa a ƙarshen shekarun 1970, kuma a yau shi ne a mafi yawan gidajen bolin na Amurka. Kowane kafinta a cikinmu ya san danginsa, domin ɗan gidan su fomikar da muke mannawa a teburin mai shayi ne: takardu ne da aka jiƙa da ƙaro na masana'anta aka matse da zafi, a sama aka buga hoton katako aka rufe da fata mai tauri. Bambancin shi ne wannan kaurinsa ya kusa rabin inci, yana zuwa gunduwa-gunduwa, kuma da sukuru ake ɗaure shi a kan tsohon layi. Kamfanin AMF ya yi nasa da ake kira HPL, Brunswick ya yi Anvilane. A nan tsohon katakon ya tashi daga fuskar wasa ya zama gado kawai, ba a buƙatar ya yi kyau, ana buƙatar ya yi ƙarfi ya riƙe sukuru. Inda ya lotsa ana iya cikewa ko a sa 'yan siraran katako a ƙarƙashi har ma'auni ya zauna. Falanki yana jure dukan ƙwallo fiye da sauran biyun nesa ba kusa ba, ba a goge shi, ba a shafa masa banish, kuma idan gunduwa ɗaya ta lalace ita kaɗai ake cirewa.

Kuɗinsa na farko ya fi na leda nauyi sosai, ga kuɗin jirgi da na kwastan. Yana kuma ɗaga tsayin layi, don haka sai an daidaita filin takawa mai ƙafa 15 da ke gaban layin iyaka, da kwatoci, da dandalin sanduna, in ba haka ba a sami tuntuɓe a mahaɗa. Tsofaffin 'yan wasa kan ce ƙwallo ya fi zamewa a kansa kuma ƙararsa ba irin ta itace ba ce, amma wannan ƙorafin masu gasa ne, ba zai dami wanda ya zo shaƙatawa da iyalinsa ba.

Abin da takardun kamfanoni ba za su gaya muku ba shi ne halin yanayinmu. Katako yana shan danshi a damina ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, kuma tazarar da ke tsakanin watan Agusta da watan Janairu a Dutse ko Hadeja ta isa ta buɗe bakin ƙofar da aka haɗa da kyau, balle jerin katako 39. Ledar da aka manna a kan abin da ke motsi haka za ta yamutse a kan mahaɗai. Falanki ma yana jin motsin gadonsa, amma taurinsa yana ɓoye mafi yawa, sukuru kuma ana iya sake ɗaure su. Sai ƙura. Ana shafa siririn mai a kan kusan kashi biyu cikin uku na farkon layi, asalinsa ma don kare fuskar aka fara, kuma idan ƙurar hunturu ta sauka a kan man nan, kowane ƙwallo da aka mirgina yana jan ta yana kartar fuskar. Banish da leda su ne suka fi saurin dusashewa a ƙarƙashin wannan karta. Ko wace hanya aka bi, ɗakin yana buƙatar rufaffun tagogi, da sanyaya ɗaki mai ɗorewa gwargwadon yadda wuta ta samu, da share layi a sake masa mai kullum. Kafin a kafa komai kuma a yi wa daɓen siminti maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri tsakaninsa da katako, domin fayin abincin gara ne, kuma rufi kowane iri zai ɓoye ɓarnarta har sai ta gama.

Shawarata ga ubangidanku ita ce, idan kun duba kun ga ƙusa ta kusa fitowa, ko ma'auni ya nuna lotsawar da ta wuce milimita ɗaya a wurare da yawa, kada ya kashe ko kwabo a kan leda, ya tara kuɗin falanki ko da layuka biyu zai fara buɗewa ya bar sauran. Leda tana da ma'ana ne kawai idan katakon na da sauran kauri, kuma an sami mai injin da zai daidaita shi, a matsayin hanyar jinkirta sayen falanki na wasu shekaru. Ku bar katakon ya kwana a cikin ɗakin da za a kafa shi na wasu makonni kafin awo, sannan ku turo mana hoton haƙarƙarinsa da abin da ma'auni ya nuna a farko, tsakiya da ƙarshen kowane layi.