Sharhi kan akwatin gilashi na Fluval Evo mai lita 52 don kiwon jatan landen teku

Fluval Evo 13.5 ƙaramin akwatin gilashi ne na ruwan gishiri wanda kamfanin Hagen na ƙasar Kanada yake sayarwa, kuma lambar da ke jikin sunansa tana nufin galan 13.5 na awon Amurka, wato kimanin lita 52. Tsawonsa bai kai santimita 60 ba, saboda haka yana zama a kan tebur mai ƙwari ba tare da ya cinye ɗaki ba. Na yi amfani da shi wajen kiwon jatan landen teku na ado, kuma ra'ayina shi ne akwati ne mai kyau da aka tsara da hankali, amma abin da ke cikin kwalinsa rabin bukata ne kawai, ragowar rabin kuwa yana wuyan mai shi.

A cikin kwalin akwai akwatin da murfinsa, da fitila, da famfo mai tura kimanin lita 500 na ruwa a awa guda, da kayan tace ruwa iri uku: soso, da gawayin tacewa, da wasu ƙananan zobba masu ramuka waɗanda ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke zama a cikinsu. An ware wani ɓangare a gefe guda an ɓoye famfon da kayan tacewar a ciki, ta yadda mai kallo ba ya ganin waya ko bututu, sai duwatsu da rairayi da halittun da ke yawo a kansu. Hasken fitilar fari ne mai ratsin shuɗi, ya isa ya raya murjani (halittar teku da ke manne a jikin dutse) mai laushi marar bukatar haske da yawa, kuma yana fito da jan launin jatan lande sosai. Murfin ne ya fi burge ni, domin yana rage ƙafewar ruwa, yana hana ƙura sauka a ciki, kuma yana da 'yar ƙofa da ake zuba abinci ba sai an ɗaga shi duka ba.

Ba a haɗa akwatin da hita, wato na'urar ɗumama ruwa, ba, ba a haɗa shi da ma'aunin zafi ko ma'aunin gishiri ba, haka nan gishirin da duwatsun da rairayin duk sai an saya daban. Wannan ba baƙon abu ba ne a irin waɗannan kaya, amma ya kamata mai saye ya sa shi a lissafi tun farko, domin kuɗin waɗannan ƙarin abubuwa yana iya kusantar kuɗin akwatin kansa.

Maganar gishiri ce ta fi bukatar a tsaya a kanta. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma a kan wannan awo ake so ruwan akwatin ya zauna, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Gishirin girki ba ya yin wannan aiki, saboda ba shi da kalsiyam da maganiziyam da sauran sinadaran da jatan lande yake gina ɓawonsa da su, sai dai a sayi gishirin da aka haɗa musamman don akwatin kifi, irin mai tambarin Instant Ocean ko Red Sea. Ruwan da za a kwaɓa shi a ciki ma ba na famfo ko na rijiya ba ne, ana so ya zama wanda na'urar RO, mai cire gishiri da sinadarai daga ruwa, ta tace, domin ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, tsofaffin bututu kuma suna iya sakin jan ƙarfe, wanda ko kaɗan ne yana kashe jatan lande. Saboda wannan dalili ne ba a zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a akwatin da suke ciki.

Ƙanƙantar Evo ita ce kyawunsa, ita ce kuma haɗarinsa. Idan an cire wurin da duwatsu da rairayi suka cinye, ruwan da ke ciki ba zai wuce lita 40 da 'yan kai ba. Ruwa yana ƙafewa amma gishiri ba ya tafiya, kamar yadda miya take ƙara gishiri idan ta daɗe a kan wuta, saboda haka idan lita biyu ta ƙafe daga lita 40, awon gishiri zai tashi daga 35 zuwa kusan 37. Kifi yana iya jure irin wannan sauyi, jatan lande kuwa yana jin sa nan da nan, musamman a lokacin da yake yin saɓa, sa'ad da sabon ɓawonsa bai yi tauri ba. Maganin shi ne a riƙa cike gurbin abin da ya ƙafe kullum da tataccen ruwa marar gishiri, sannan kowane mako a kwashe kamar lita biyar a maye gurbinta da sabon ruwan gishiri da aka kwaɓa tun jiya. Tsarin akwatin yana taimakawa a nan, domin raguwar ruwa a ɗakin famfo take bayyana, wanda kuma ya yi alama a jikin gilashin wurin zai gane ko nawa ya ragu da kallo ɗaya.

Ba a sa jatan lande a ranar da aka cika akwatin. Kashin halittu da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce, sai wasu ƙwayoyin bakteriya su mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin zuwa wani sinadarin mai suna naitiret, wanda cutarwarsa ba ta da yawa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita a jikin duwatsu da zobban tacewa akan ɗauki mako huɗu zuwa shida, kuma sai gwaji ya nuna amoniya da naitirait sun koma sifili sannan a kawo halitta ta farko. Ko a ranar ma ba a juye ta kai tsaye, ana ɗiga mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan a cikin wanda ta zo da shi, na kamar awa guda.

Irin jatan landen da na ga ya fi dacewa da wannan girma shi ne Lysmata amboinensis, mai jan baya da farin layi a tsakiya da dogayen gashin baki farare, wanda tsawonsa kan kai santimita 5 zuwa 6. A Bahar Maliya da tekunan Indiya da Fasifik yana zama a bakin ramin dutse, kifaye suna zuwa yana cire musu ƙwari da matacciyar fata, a akwati ma yakan hau hannun mai shi yana tsinta. Biyu sun isa, domin idan suka fi haka a ƙaramin wuri sukan far wa wanda ya yi saɓa har sai biyu sun rage. Lysmata wurdemanni na yammacin Atlantika ya fi ɓuya, amma an san shi da cin wata halitta mai harbi da ake kira Aiptasia da ke addabar murjani. Thor amboinensis kuwa bai kai santimita 2 ba, yana son zama cikin rukuni, kuma a kansa ne nake da gyara ga tsarin akwatin: tsagogin da ruwa yake bi ya shiga ɗakin tacewa an yi su ne da kifi a rai, don haka mai son wannan ƙaramin iri sai ya rufe su da raga mai ƙananan idanu.

Ga mai karatu da ke Najeriya ko Nijar akwai abubuwa uku da ba a rubuta a jikin kwali ba. Wanda aka yi wa kasuwar Amurka na wutar bolt 120 ne, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, saboda haka na kasuwar Ingila ko Turai ya kamata a nema. Sai zafi: waɗannan halittu suna son digiri 24 zuwa 26, kuma a garuruwan da zafin bazara yake haura 40, ruwa kaɗan a ƙarƙashin murfi da fitila zai yi ɗumi fiye da kima in ba a ɗaki mai na'urar sanyaya iska yake ba. Fanka da ke kaɗa saman ruwa tana rage zafin kaɗan amma tana ƙara ƙafewa, a daren hunturu kuma hita mai wat 50 ake bukata. Ɗauke wuta shi ne mafi muni, domin idan famfo ya tsaya na sa'o'i iskar numfashi tana raguwa a ruwan, ƙwayoyin da ke tace guba su fara mutuwa. Abin sauƙin shi ne famfon da fitilar ba sa cin wuta sosai, ƙaramar inbata ko sola za ta riƙe su. Ina kuma roƙon kada a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi a ɗakin da akwatin yake, domin abin da ke kashe sauro yana kashe jatan lande ko da ɗigo ne ya sauka a ruwa.

Wanda yake da tsayayyiyar wuta da ɗaki mai sanyi, kuma zai iya ba da 'yan mintuna kullum don cike ruwa da duba ma'auni, zai ji daɗin Evo, kuma ina ba shi shawarar ya saya. Wanda bai da waɗannan, ya fi masa ya nemi ƙaramin jan jatan landen Hawai, Halocaridina rubra, wanda yake rayuwa a ruwan da gishirinsa bai wuce rabin na teku ba, yana kiwon gansakukar jikin duwatsu, ba ya bukatar famfo, kuma yana iya haura shekara goma a cikin akwati mai sauƙin kuɗi fiye da wannan.