Wiwi a matsayin maganin ciwo: na da da na yanzu

Ɗan'uwanmu na Sakkwato ya tambaya: mahaifinsa mai ciwon suga yana kwana da zugin ƙafa, an ce masa Turawa sun daɗe suna ba da wiwi a asibiti, shin na da da na yau ɗaya ne?

Malam, Allah Ya ba Baba lafiya. Ba ɗaya ba ne, kuma bambancin yana wajen awo.

Na da jiƙo ne cikin barasa. Likita William O'Shaughnessy ya gwada shi a Kalkata ta Indiya, ya wallafa sakamakon a 1839, a 1850 kuma ya shiga kundin magungunan Amurka. Sai dai ba a san sinadarin da ke aiki a cikinsa ba: wata kwalba ba ta taɓa ciwon, wata ta kwantar da mutum. Ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba a yin allurarsa kamar mofin. Da asfirin ya fito a 1899 sai kasuwar jiƙon wiwin ta ja baya, aka cire shi daga kundin a 1942.

Na yanzu ya biyo bayan gano THC, sinadarin wiwi mai sa maye, a Isra'ila a 1964. Ɗauki Sativex, feshin baki: kowace fesawa miligiram 2.7 na THC ce da 2.5 na CBD (wani sinadarin wiwi da ba ya sa maye), ana farawa da ɗaya da yamma, a ƙara sannu a hankali, ba a wuce 12 a rana. Ingila ta amince da shi a 2010, amma don ƙagewar tsoka mai zuwa da wata cutar jijiya. Ga ciwo mai daɗewa, NICE, hukumar ƙasar mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, ta ce a 2019 kada likitoci su rubuta shi, sauƙin bai taka kara ya karya ba.

Wanda ake sayarwa a lungu kuwa sahun na da yake, ba awo. In an sa a shayi ko abinci yakan kai awa biyu kafin ya kama, mutum ya zaci bai yi ba ya ƙara. Ga dattijo sai jiri, bugun zuciya, ruɗewa da faɗuwa. Kuma a Najeriya laifi ne, NDLEA na kamu a kai.

Zugin ƙafar mai suga daga lalacewar jijiya yake. A kai Baba asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) da ke Sakkwato a daidaita sugan, a duba tafin ƙafar, likita ya zaɓa masa tsakanin magunguna irin su amitriptyline da pregabalin bayan ya duba ƙodarsa da zuciyarsa.