Famfon sola mai yawo a ruwa: yana jawo tsuntsaye, amma sai da kulawa

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, lambun bayan gida ba ya rasa fure. Ƙariya na fitar da nata, zogale ma haka, bougainvillea ta rufe katanga. Ruwa ne ke wa tsuntsaye wuya. Shi ya sa na gwada ɗan famfon nan mai faifan sola da ake jefawa cikin kaskon ruwan tsuntsaye, kuma ra'ayina shi ne ya cancanci kuɗinsa, in dai mai shi ya san halinsa.

Faifai ne zagayayye, faɗinsa kusan santimita 16, ƙarfinsa wat ɗaya da ɗoriya. A ƙarƙashinsa akwai ɗan inji mai farfela da soson tace datti, sannan kawunan feshi kala-kala a cikin kwalin. Ba waya, ba maɓalli. Rana ta taɓa shi, ya fara aiki.

Amfaninsa a bayyane yake. Tsuntsu na jin ƙarar ruwa mai motsi tun daga nesa, yana kuma hango ƙyallinsa. Kurciya da gwara su ne ke fara sauka, sai marai, sai ƙananan nan masu dogon baki da ke shan zumar fure, waɗanda ba su cika shiga kasko ba, sun fi son goga jiki a jiƙaƙƙen ganye. A wannan lokacin ne kuma tsuntsayen da suka yi hunturu a Sahel ke shirin komawa Turai, don haka akan ga baƙin fuska.

Inda matsalar take shi ne kawunan feshin. Kan da ke harba ruwa sama har santimita 40 yana burge ido, amma iska kaɗan ta kaɗa sai ruwan ya zube a waje. Kafin la'asar kasko ya ƙafe, injin ya ci gaba da juyawa a bushe, kuma abin da ke kashe shi ke nan, domin ruwan da yake turawa shi ke sanyaya shi. A cire kan feshin gaba ɗaya. Ruwan zai riƙa ɓulɓulowa a hankali, tsuntsayen ma sun fi sakin jiki da hakan. A kuma kewaye faifan da duwatsu uku ko huɗu don kada ya yi ta yawo zuwa gefe.

Batun zurfi ma sai an lura. Famfon na son aƙalla santimita 5 kafin ya yi aiki sosai, alhali ƙaramin tsuntsu ba ya shiga ruwan da ya wuce santimita 2 zuwa 3. Maganin shi ne faffaɗan kaskon laka, mai zurfi a tsakiya, a zuba tsakuwa a gefe ta zama wurin tsayawa. Laka ta fi roba da ƙarfe, tana riƙe sanyi, ƙafa kuma ba ta zamewa.

Ba shi da batir, don haka inuwar reshe ɗaya ta isa ta tsayar da shi, haka ma ƙura ko kashin tsuntsu a kan faifan. Da sassafe, lokacin da tsuntsaye suka fi zuwa, bai riga ya yi ƙarfi ba. Wannan babban rashi ne, wanda ya samu mai batir ya ɗauke shi.

Wanke famfon kuwa dole ne. A goge faifan da jiƙaƙƙen tsumma kullum, a wanke soson duk bayan kwana biyu ko uku, a canza ruwan a lokacin, saboda da dare famfon a tsaye yake, kuma ƙwan sauro na iya zama sauro cikin kwana 7 zuwa 10. Idan ruwan rijiya ko na burtsatse ya bar farin ɓawo a farfela har ta cije, a buɗe murfin, a jiƙa ta a ruwan khal da aka sirka rabi da rabi na minti 30, a ɗauraye sosai. Kada a sa omo, yana ɓata maiƙon gashin tsuntsu.

A ajiye kaskon kamar mita biyu zuwa uku daga itace mai duhu: tsuntsu ya samu wurin gudu, kyanwa kuma ta rasa wurin laɓewa.